Awon Laifukan Wuƙa a Ingila da Wales: Tsakanin Kundin 'Yan Sanda da Rajistar Asibiti, 2011–2024

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta majiyoyi uku da ake auna laifukan wuƙa da su a Ingila da Wales: kundin 'yan sanda, rajistar asibiti da rajistar kisan kai. Ta nuna cewa alƙaluman 'yan sanda su kaɗai ba su isa hujjar hauhawa ko raguwar matsalar ba, domin salon rubuta laifi a wurinsu ya sha sauyawa.

Gabatarwa

A 2024 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki alkawarin rage laifukan wuƙa da rabi cikin shekara goma. Kafin a ce an cika alkawarin ko an saɓa, dole a san mudun da za a yi awon da shi, a kuma tabbatar ba a sauya shi ana tsakiyar awo ba.

Kundin 'yan sanda

Jerin alƙaluman da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa, wato ONS, ke wallafawa ya nuna laifukan sun yi ƙasa sosai a shekarar da ta ƙare a Maris 2014, sannan suka yi ta hawa har suka kai kusan 55,000 a wadda ta ƙare a Maris 2020. Sai dai a Janairun 2014 ɗin ne Hukumar Ƙididdiga ta Birtaniya ta janye shaidar inganci daga alƙaluman 'yan sanda. A ƙarshen shekarar kuma masu sa ido kan aikin 'yan sanda suka gano cewa kashi 19 cikin ɗari na laifukan da ake kai ƙara ba sa shiga kundi, a laifukan cin zarafi ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Rundunoni suka gyara aikinsu. Ke nan wani ɓangare na hauhawar ya samo asali ne daga ingantuwar rubutu.

Akwai kuma batun alama. A da, idan ɗan fashi ya zaro wuƙa ya ƙwace wa yaro waya a tashar bas, sai jami'in da ya rubuta rahoton ya tuna ya sa alamar wuƙa kafin laifin ya shiga lissafi. In ya manta, fashin yana nan a kundi amma wuƙar ta ɓace. Daga baya aka kawo manhajar da ke karanta bayanin rahoto tana tsamo irin waɗannan, har aka sake lissafin shekarun baya. Lura kuma cewa a misalin nan ba a soki kowa ba, amma yana cikin jimilla ɗaya da sukan da ya kai mutum gargara. Rundunar yankin Manchester ma an sha cire ta daga jimillar bayan tangarɗar sabon tsarin kwamfutarta a 2019.

Asibiti da kisan kai

Gawa ba ta ɓuya wa lissafi. A shekarar da ta ƙare a Maris 2018, ONS ya ba da rahoton kisa 285 da wuƙa ko makami mai kaifi, mafi yawa tun da aka fara rajistar a 1946. Waɗanda aka kwantar a asibitocin Ingila saboda sara ko suka sun haura 5,000 a 2018/19. Majiyoyin uku sun yi ittifaƙi a nan: hauhawar 2014 zuwa 2018 ta faru da gaske, kuma rayuka sun salwanta a cikinta, da yawansu na matasa.

Bayan annobar korona ne hanyoyin suka rabu. Alƙaluman 'yan sanda sun sake kusantar matsayinsu na kafin annobar, na asibiti kuwa sun tsaya ƙasa da 4,000. Rajistar asibitin ma tana da giɓi: wanda aka ɗinke wa rauni a sashen gaggawa aka sallame shi ba ya ciki, haka wanda tsoro ya sa ya ce wa likita faɗuwa ya yi kan kwalba.

Shawara

A ganin wannan bincike, a auna alkawarin 2024 da kisa da kwanciya a asibiti tukuna, domin su ne sauyin ƙa'idar rubutu bai cika taɓawa ba. Giɓin sashen gaggawa kuma akwai hanyar cike shi: tsarin da Farfesa Jonathan Shepherd ya ɓullo da shi a Cardiff, inda ma'aikatan asibiti ke rubuta wuri da lokaci da irin makamin da aka ji wa mutum rauni da shi, su miƙa wa 'yan sanda da ƙaramar hukuma ba tare da sunan majinyaci ba.