Labarin Mma Ramotswe da Gardamar Masu Kallo

A kudancin Afirka akwai wata ƙasa da a ke kira Botswana. A zamanin da ta ke ƙarƙashin Turawan Ingila sunanta Bechuanaland, ta kuwa sami mulkin kanta ran 30 ga Satumba, 1966, da Seretse Khama a kan shugabanci. A lokacin nan ba ta da wani arziki sai shanu. Shekara guda bayan haka aka gano lu'ulu'u a wani wuri mai suna Orapa, ƙasa ta fara bunƙasa. Tun daga ran nan har yau soja ba su taɓa ƙwace mulki a can ba, ba a kuma taɓa yaƙin basasa ba. Saboda haka ba safai a kan ji sunanta a labarun duniya ba, gama masu ba da labari sun fi bin inda a ke tashin hankali. Abin da ya sa mutane da yawa a Turai da Amurka suka san ta, wani littafin ƙagaggen labari ne, da wasan talabijin da aka ciro daga cikinsa.

Mawallafin littafin wani Bature ne mutumin Sikotlan, sunansa Alexander McCall Smith. An haife shi a Bulawayo, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Zimbabwe, a 1948. Shehun malamin shari'a ne, ya kuma taɓa koyarwa a Jami'ar Botswana. A 1998 aka buga masa littafi mai suna The No. 1 Ladies' Detective Agency, watau ofishi na ɗaya na mata masu bin diddigi. Da fari ba a kula da shi ba ƙwarai, sa'an nan a hankali ya karɓu, har aka sayar da miliyoyi, aka juya shi cikin harsuna fiye da 40. Littattafan da suka biyo bayansa sun haura 20.

Labarin na wata mace ce, Precious Ramotswe, mutuniyar Mochudi. A harshen Setswana a kan ce wa mace Mma, namiji kuwa Rra, don girmamawa. Ubanta ya yi aikin haƙar ma'adini a Afirka ta Kudu har ƙura ta lalata masa huhu, da ya rasu ya bar mata garken shanu. Ta sayar da su, ta buɗe ofis a birnin Gaborone, inda duk wanda wani al'amari ya shige masa duhu zai zo ta bincika masa. Ba ta da bindiga, ba ta da ankwa. Kayan aikinta su ne 'yar farar mota, da butar shayi, da haƙurin sauraron mutane. Wata rana wata mace ta kawo ƙarar wani tsoho da ya tare a gidanta, wai shi ne ubanta da ya ɓace tun tana jaririya. Mma Ramotswe ta yi shigar ma'aikaciyar asibiti, ta je ta ce masa 'yarsa ta yi haɗari, sai an ɗebi jininsa da yawa, mai yiwuwa ma ya rasa ransa. Nan take tsoho ya ce shi ba ubanta ba ne. Irin shari'un da ta ke yi ke nan.

Wanda ya ɗauki nauyin mai da labarin wasan kallo shi ne Anthony Minghella, wani gwanin shirya fim na Ingila. Ya nace sai a Botswana za a ɗauka, gwamnatin ƙasar kuwa ta ba da gudummawar dala miliyan 5. Aka gina unguwa sukutum ta wasa a gindin dutsen Kgale, kusa da Gaborone. Aka ba wata mawaƙiyar Amurka, Jill Scott, ta fito a matsayin Mma Ramotswe. Amma ajali bai bar Minghella ya ga yadda jama'a za su karɓi aikinsa ba. Ya rasu ran 18 ga Maris, 2008, kwana biyar kafin BBC ta nuna kashin farko, wanda mutum fiye da miliyan 6 suka kalla a Ingila. A 2009 aka ƙara kashi shida, tashar HBO kuma ta nuna su duka a Amurka.

To, daga nan ne ra'ayin masu kallo ya rabu. Kashi na farko, su ne kuwa suka fi yawa, sun ji daɗinsa ƙwarai. Hujjarsu ita ce wasannin 'yan sanda sun cika da gawawwaki da harbe-harbe, ga shi an sami wanda uba zai zauna ya kalla tare da iyalinsa ba tare da jin kunya ba. Sun yaba yadda mutanen cikinsa ke gaisawa da ladabi, da yadda Mma Ramotswe ta fi son sulhu bisa ga kai mutum kurkuku. Sun kuma so akawunta, Mma Makutsi, wadda ba ta gajiya da tuna wa mutane ta ci 97 bisa 100 a makarantar koyon aikin ofis, da Rra Matekoni makanike, mai kunya, wanda ya daɗe yana son Mma Ramotswe bai iya faɗa ba. Waɗansu baƙaƙen Amurka suka ce da wuya su ga an nuna mace baƙa, mai jiki, mai hankali, ita ce shugabar labari.

Kashi na biyu, cikinsu har da waɗansu masu sharhi a jaridun Ingila, suka ce zaƙin ya yi yawa. A ganinsu Bature ne ya zana Afirka yadda Turawa ke so su gan ta, kowa na murmushi, kowa mai sauƙin kai, kamar yara. Suka ce a shekarun nan wajen mutum ɗaya cikin huɗu na manyan Botswana yana ɗauke da cutar ƙanjamau, ina dalilin da za a yi ta shan shayi a ƙarƙashin itace kamar babu abin da ke faruwa? Waɗansu kuma suka yi ƙorafi a kan 'yan wasan. Mata biyun da ke gaba 'yan Amurka ne, Idris Elba da David Oyelowo daga Ingila suka zo, 'yan ƙasa kuwa yawanci ƙananan matsayi suka samu. Wanda ya san Setswana ya kan ji harshen baƙo ko da an yi ƙoƙarin gyara shi.

Kashi na uku su ne waɗanda suka riga suka karanta littattafan. Kowannensu ya riga ya sifanta Mma Ramotswe a zuciyarsa, ba kuwa kowa ya yarda Jill Scott ce ita ba. Sun kuma lura an ƙaro wani mai gyaran gashin mata, BK, wanda babu shi a littafi ko kaɗan.

In an auna maganganun nan da adalci, za a ga kowa yana da tasa gaskiya. Zancen 'yan wasa yana da nauyi, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Amma cewa wasan ya rufe ido ga baƙin ciki, wannan bai tabbata ba. Tun a kashin farko akwai yaron da aka sace don tsafi. Mma Ramotswe kanta ta auri wani mai busa ƙaho da ya riƙa dukanta, jaririnta kuma ya mutu. Ɗan'uwan Mma Makutsi yana kwance da ciwon nan da mutane ba su son ambaton sunansa. Abin da wasan ya ƙi yi kaɗai shi ne ya ce wahala ita ce dukan labarin ƙasar. Gwamnatin Botswana ma tun 2002 ta fara raba maganin ƙanjamau kyauta, wannan kuwa gaskiya ce kamar yadda cutar ta ke gaskiya. Wanda ya saba ganin Afirka cikin yaƙi da yunwa kaɗai, in an nuna masa mutane suna zaune lafiya, suna aure, suna ciniki, sai ya zaci an yi masa ƙarya.

A 2010 aka ba wasan lambar yabo ta Peabody a Amurka. Duk da haka ba a sāke ɗaukar wani kashi ba, ya tsaya a guda bakwai. Littattafan dai suka ci gaba da fitowa, baƙi kuma suka riƙa zuwa Gaborone da Mochudi don su ga wuraren da aka ambata. Gardamar kuwa ba ta mutu ba. Duk sa'ad da baƙo ya tashi ba da labarin wata ƙasa ta Afirka, sai an tambaye shi wane gefe ya nuna, wane ya bari, da kuma ko ya bar mutanen ƙasar su yi magana da bakinsu.