Tsofaffin kurangun inabi na Swartland

Ranar 2 ga Fabrairu 1659 aka fara matse inabi a yankin Cape na Afirka ta Kudu, shekara huɗu bayan Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin kasuwancin Holan, ya sa an dasa kurangun da jirgin ruwa ya kawo daga Turai. Gwamna Simon van der Stel ya kafa gonar Constantia a 1685, Faransawa masu gudun tsanantawar addini suka iso a 1688 da sanin noman inabi a hannunsu.

Amma ba su ke riƙe da fartanya ba. Bayi ne daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonisiya, da yawansu Musulmi, suka sare daji, suka dasa, suka tsinka. Da aka soke bauta a 1834 sai wata muguwar al'ada ta gaje ta, wadda ake kira dop: a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta ta a 1960, ta ci gaba a ɓoye shekaru masu yawa, kuma har yau iyalan ma'aikatan gona suna ɗauke da tabonta.

Ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya bayyana a 1886 ya cinye gonaki. Aka sake dashe, inabi ya yi yawa, farashi ya faɗi, shi ya sa manoma suka kafa ƙungiyar KWV a 1918. A wancan zamani ita ke ƙayyade farashi, daga baya har da yawan abin da kowa zai noma. Abin da ake biya nauyi ne. Manomi ya kai lodinsa, a zuba cikin babban tanki tare da na maƙwabta, a yi barasa ko giya mai araha. Farin inabin da ya cika gonakin ana ce masa steen, sai a 1963 Farfesa Chris Orffer na Jami'ar Stellenbosch ya tabbatar cewa shi ne chenin blanc na kwarin Loire a Faransa.

Kurangar da ta tsufa 'ya'yanta kaɗan ne, don haka mai hali yakan tumɓuke ta ya dasa sabuwa. Waɗanda suka tsira yawanci suna busassun tuddai irin na Swartland, arewa da Cape Town, inda babu ban-ruwa, babu kuɗin sabon dashe. Gajeru ne, kamar kurmi-kurmi, ba a ɗora su kan waya ba, saiwarsu ta nutse ƙasa tana neman danshi. Ɗan abin da suke bayarwa yana da kauri da ƙanshi.

Bayan an janye tsarin ƙayyadewa a 1992, matasa suka fara bin waɗannan gonaki. Ɗaya daga cikinsu, Eben Sadie, ya fara yin Palladius a 2002, farar giya da ya haɗa daga inabi iri-iri na gonaki daban-daban. Daga baya ya kai ga gonar 'T Voetpad da ke gefen Piketberg, wadda wasu kurangunta suka haura shekara 100, inda semillon da palomino da chenin da muscat ke tsiro a cakuɗe, a tsinke su tare, a matse tare kamar yadda kakanni ke yi.

Wadda ta fi kowa wahala a kan ceto tsofaffin kurangun ita ce Rosa Kruger. Tun 2002 take yawo gona-gona tana rubuta shekarun kurangu. Aikinta ya zama Old Vine Project a 2016, kuma daga 2018 ana manna wa kwalba hatimi mai ɗauke da shekarar dashe, muddin gonar ta kai shekara 35. Shirin yana kuma horar da ma'aikatan gona datsar tsofaffin kurangu, domin yanka ɗaya da bai dace ba yana buɗe wa cuta hanya cikin kututturen da ya girmi mai almakashin.