TARIHIN NA'URAR MUSAYAR ISKA: KARANTA WANNAN KAFIN KA RUFE SILIN GIDANKA

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya a gefe, mu taɓa maganar gini, musamman kai da kake tara bulo kaɗan-kaɗan kana gina naka da kanka.

Bara na gyara ɗan shagona na gyaran waya. Na sa ƙofar gilashi, na manna roba a ƙasanta, na toshe duk wata kafa, na ɗaura AC. Sanyi kam ya samu. Amma kullum kafin azahar sai kaina ya fara sarawa, barci ya yi ta fizgata, ga hayaƙin dalma ya tsaya cak a ɗakin. Daga baya na gane abin da yawancinmu ba mu sani ba: AC ɗin nan mai gida biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ba ya shigo da sabuwar iska. Iskar ɗakin yake ja, ya sanyaya, ya dawo maka da ita. Da na bi diddigi sai na tarar mutanen ƙasashen sanyi sun faɗa wannan ramin tun shekara hamsin baya, har sun ƙera masa na'ura.

YADDA ABIN YA FARO

Tun 1858 wani masanin lafiya a birnin Munik na Jamus, Max von Pettenkofer, ya yi ta auna iskar ɗakunan da mutane ke zama. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wato kabon dayoksaid, ita ya ɗauka a matsayin ma'auni. Ya ce in ta kai kashi 1,000 cikin miliyan, to ɗakin yana buƙatar sabuwar iska. Har yau ana amfani da wannan lambar. Iskar waje a yanzu tana wajen 420 ne.

Ita kuma dabarar ƙwato zafi daga iskar da za a zubar, a masana'antu ta fara. A 1920 wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Fredrik Ljungström, ya ƙera wani faifan ƙarfe mai juyawa a hankali. Rabinsa yana cikin hayaƙi mai zafi da ke fita daga tukunyar tururi, rabinsa yana cikin iskar da ke shiga. Ƙarfen ya ɗebi zafi a nan, ya juya ya sauke a can. A 1970 kuma kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya fito da Lossnay, wadda cikinta wata takarda ce ta musamman da ke musayar zafi da danshi tsakanin iska biyu.

Amma abin da ya tura wannan fasaha cikin gidajen mutane shi ne rikicin mai na watan Oktoba 1973. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka da wasu ƙasashe, gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Mu nan Najeriya kuɗi suka shigo a zamanin Gowon. Su kuwa can, inda dole ka ƙona mai ko gas ka ɗumama gida wata da watanni, abin ya zama tashin hankali. Kowa ya shiga toshe gidansa don kar ɗumin da ya saya da tsada ya tsere.

Kuɗin wuta ya ragu, amma sabuwar matsala ta ɓullo. Tagogi suka riƙa zufa, bango ya yi ta fumfuna, ma'aikata a ofisoshi suna kukan ciwon kai, ƙaiƙayin ido da kasala, su fita waje su ji garau. Har suna aka sa wa abin, ana cewa ginin ne ba shi da lafiya. Ƙungiyar injiniyoyin Amurka mai suna ASHRAE, a ƙa'idarta ta 1981, ta yarda da lita 2.5 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga mutum ɗaya a inda ba a shan taba. A 1989 sai da ta ninka adadin sau uku.

GIDAN REJAINA

A 1977 gwamnatin lardin Saskacewan a Kanada ta sa aka gina wani gidan gwaji a birnin Rejaina, inda sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 30. Cikin injiniyoyin akwai Harold Orr, Robert Besant da Robert Dumont. Suka yi bango mai kauri cike da abin hana zafi wucewa, suka naɗe gidan da leda ta yadda iska ba ta samun kafar shiga. Sun san cewa gida irin wannan sai an yi masa hanci. Sai suka haɗa akwatin musayar iska da shimfiɗun leda, jeri a kan jeri, tare da fankoki.

Ga yadda yake aiki, kuma har gobe haka ne. Fanka ɗaya tana jan gurɓatacciyar iskar cikin gida ta fitar. Wata tana jan sabuwa daga waje ta shigo. A cikin akwatin suna wuce juna ta siraran hanyoyi, leda ko falle kawai ke tsakaninsu. Ba sa cakuɗuwa, amma zafin wannan yana ratsawa zuwa waccan. A ce waje yana ƙasa da sifili da digiri 20, cikin gida kuma digiri 20 sama da sifili, na'urar tana ƙwato kashi 75 cikin ɗari. Iskar da za ta shigo ɗaki za ta iso a digiri 10 maimakon ta zo da ƙanƙararta.

Gidan yana da kayan tara zafin rana masu tsada a jikinsa, waɗanda a lokacin su aka fi yi wa kallo. Su ne suka fi ba da wahala, daga baya ma aka cire su. Abubuwa masu arha, wato kaurin bango, toshe kafa da akwatin iska, su suka tsaya. A 1982 Kanada ta fito da tsarin gini mai suna R-2000 a kan wannan darasi, kuma ta sa na'urar shigo da iska ta zama sharaɗi.

Daga nan sai Jamus. A 1988 Wolfgang Feist da Bo Adamson na Jami'ar Lund ta Suwidin suka tsara abin da ake kira Passivhaus, gidan da kusan ba ya buƙatar a ɗumama shi. A 1991 aka gama na farko, gidaje huɗu a jere a unguwar Kranichstein ta birnin Damstat. A ƙa'idarsu dole na'urar iskar ta ƙwato aƙalla kashi 75 na zafin. Ka lura, a Rejaina da Damstat duka, tun a takardar zane aka yi wa iska hanya. Ba a bari sai an tare ba.

TO MU MEYE NAMU A CIKI?

Za ka ce ai mu zafi ne damuwarmu. Haka ne, amma akwatin bai san hunturu ko bazara ba, zafi kawai yake kwashewa daga iskar da ta fi zafi zuwa wadda ta fi sanyi. A ce waje digiri 40 ne a watan Afrilu, ɗakinka AC ya kai shi 24. Da kashi 75 ɗin nan, sabuwar iska za ta shigo a wajen digiri 28. Ka samu iska mai kyau ba tare da ka zubar da sanyin da ka biya kuɗin wuta ka samu ba. A kasuwa iri biyu ne. HRV zafi kawai take musaya. ERV, irin ta Japan ɗin can, har da danshi, ita ta fi dacewa da damina mai gumi da hunturu mai busar da hanci.

Gidajen da muke ginawa yanzu, tagar alminiyon, silin POP, labule mai kauri, AC, sun fara kama da gidajen Turawa na bayan 1973. Ko wayar da aka ce ruwa ba ya shigarta, in ka buɗe za ka ga an bar mata ɗan rami mai lulluɓi don iska. Ga shawarata:

1. Ka yanke hukunci tun a zane. In ba za ka zauna da AC a rufe ba, ba ka buƙatar wannan na'ura. Ka sa tagogi a bango biyu masu kallon juna, da ƙananan kafofi mai raga can sama kusa da silin, domin iska mai zafi sama take hawa.

2. In za ka toshe ɗaki, ka bar wa bututu hanya kafin filasta da silin. Ko ba ka da kuɗin na'urar yanzu, ka sa birkila ya dasa guntun bututu a bango ka rufe bakinsa. Fasa POP daga baya asara ce.

3. Sabuwar iska ta sauka a ɗakin kwana da falo, tsohuwa a ja ta daga banɗaki da wajen kicin. Hayaƙin girki mai maiƙo kuwa a yi masa tasa hanyar daban.

4. Ka bar kamar santimita 1 a ƙasan ƙofofin cikin gida don iska ta zagaya.

5. Bakin da ke jan iskar waje ya yi nesa da bakin fitarwa, da inda janareto ke zama, da bututun sokawe.

6. Ka sa akwatin inda hannu zai kai. Ƙurar hunturu tana toshe filta da wuri, in ta toshe fanka wahalar banza take yi.

7. Ka duba wat nawa take ci, ka sa ta a layin sola in kana da shi. In wuta ta ɗauke ta tsaya, buɗe taga.

Sai abu mafi muhimmanci. Wannan na'ura ba za ta cece ka daga janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba. Suna fitar da kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Janareto waje, nesa da taga, ko da ruwa ake yi.

In kana son sanin halin da ɗakinka yake ciki, akwai ƙananan na'urorin auna kabon dayoksaid, wasu ma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth. Nemi wadda aka rubuta NDIR a jikinta, ka ajiye ta gefen gado, da asuba ka duba ko ta haura 1,000 ɗin Pettenkofer. Ni dai a shago ƙaramar fankar jan iska na dasa saman teburin dalma, na bar kafa a ƙasan ƙofa, ciwon kan ya tafi. In kana da ɗan'uwa da gininsa ya kai linta, tura masa wannan kafin ya kira mai silin.