Daga Yis ɗin Burodi Zuwa Maganin Sankarar Mama

Ƙwayoyin halitta da yawa a jikin ɗan Adam suna da lokacin rabuwa gida biyu, suna kuma da lokacin dakatawa. Idan wannan tsari ya lalace, ƙwayoyi suka yi ta rabuwa ba kama hannun yaro, ita ce sankara. Masana sun fara gano sirrin tsarin ne a jikin yis, abin nan da ke kumbura ƙullin burodi da fanke.

Wajen shekarar 1970, Leland Hartwell na Jami'ar Washington a Amurka ya tattara yis masu naƙasa, waɗanda kan tsaya cik ana tsakiyar rabuwa, ta haka ya gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da aikin. A Birtaniya kuwa, Paul Nurse ya yi nazarin wani nau'in yis ɗin. Ya lura wasu na gaggawar rabuwa tun suna ƙanana, wasu kuma sai su yi ta tsawo ba su rabu ba.

Dalili shi ne wani furotin mai suna Cdc2, wanda ke ba da umarnin rabuwa. Sinadarin Wee1 yakan liƙa masa fosfat, ya taka masa birki. Idan lokaci ya yi, sai Cdc25 ya cire fosfat ɗin, birki ya saki. Masu wannan aikin cirewa su ake kira fosfatas, kuma a 1991 aka tabbatar Cdc25 ɗayansu ne. Tun a 1987, Nurse da Melanie Lee sun nuna mutum ma yana da irin Cdc2, har yana aiki idan aka sa shi cikin yis. A 2001 aka ba Hartwell da Nurse da Tim Hunt kyautar Nobel.

Daga wannan ilimi aka samo magunguna irin su palbociclib, wanda Amurka ta amince da shi a 2015 don wani nau'in sankarar mama. Yana toshe CDK4 da CDK6, dangin Cdc2. Sai dai ƙwayoyin ɓargo ma rabuwa suke yi, don haka fararen ƙwayoyin jini kan ragu. Shi ya sa ake shan sa mako uku a huta mako guda, ana gwajin jini a kai a kai. Mai shan sa kada ta tsallake gwajin, kuma idan zazzaɓi ya zo, a garzaya asibiti a ranar.