Daga Fijo zuwa Toyota: wace mota ce ta fi jure hanyoyinmu?

Gardamar da muka ɗauko a shirin wannan mako tsohuwa ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota ta cika a tashar Maraɗi, ko Jibiya, ko Birnin Ƙonni, ya ji direbobi suna yin ta: wane kamfani ne ya fi ƙera mota mai ƙarko? Kuma ba hirar banza ba ce. Mutum zai sayar da bijimai biyar ko shida ya sayi mota guda. In ya yi zaɓen tumun dare, ya rasa shanun, motar kuma ta kwanta a gareji.

Mu koma baya. A ƙarshen zamanin Turawa, kowane mai mulki da motarsa ya zo. Ingilishi suka kawo Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948, jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa. A ɓangaren Faransa kuwa manyan motocin Berliet ne suka yi suna, har kamfanin ya tura ayarin motocinsa suka ratsa hamadar Tenere a 1959 zuwa 1960 don a ga ƙarfinsu. Yau sunan Berliet ya ɓace, Renault ya haɗiye kamfanin. Land Rover na nan, amma tsofaffin bakanikai za su gaya maka ba ta rabuwa da ɗigar mai.

Wadda ta zama ta kowa da kowa ita ce Peugeot, Fijo a bakinmu. Da farko 404, musamman a-kori-kura, wadda ta yi dakon buhunan gero da tumaki zuwa kasuwannin ƙauye. Sai 504 ta fito a 1968. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin laka da duwatsu, kuma a wannan shekarar ce masana'antar PAN ta fara haɗa Fijo a Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar jami'an gwamnati. Faransa ta daina yin ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara ashirin bayan haka.

To mene ne sirrinta? Ƙafafun baya ke tura ta, gindinta a ɗage yake, sifirin ɗinta na shanye gargada ba tare da ya wahalar da fasinja ba. Injin kuma ba shi da ɓoye-ɓoye. Kafireto ne, yaron bakanike ma zai kwance shi a gindin bishiya, ya hura, ya mayar. Kayan gyaranta har a ƙananan garuruwa ana samu. Ni a ganina wannan shi ne rabin abin da ake kira ƙarkon Fijo: tana lalacewa kamar kowace mota, sai dai ba ta kwana a lalace.

Faɗuwarta ba daga injin ta zo ba, daga aljihu ne. A 1986 aka shigo da tsarin SAP a Najeriya, darajar naira ta zube, kayan da ake shigowa da su don haɗa motar suka yi tsada, sabuwar Fijo ta gagari ma'aikaci balle ɗan kasuwar ƙauye. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Sai jama'a suka koma ga motocin Kwatano, waɗanda aka hau a Turai aka sauke a tashar jirgin ruwan Benin, da yawansu ta Nijar suke biyowa kafin su tsallaka iyaka. Ta wannan hanya Golf ta Volkswagen da ƙananan motocin Japan suka cika tashoshinmu.

Ita Toyota a rairayi ta yi sunanta. Hilux ta fito a 1968, sa'ar 504 ce. Land Cruiser kuwa ta girme su, samfurinta na 70 da ake gani a hanyar Agadas zuwa Dirku ya fito a 1984, kuma har yanzu ana ƙera shi da ɗan canji kaɗan. Abin da ya sa duniya ta waiwaye ta ya faru ne a maƙwabciyarmu Chadi. A 1987, sojojin Hissène Habré ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous suka fuskanci tankokin Libiya a cikin a-kori-kurar Toyota, suka ƙwace Fada a watan Janairu, suka ƙwace sansanin Wadi Dum a Maris. Har yau "Yaƙin Toyota" ake ce masa. Ba yabon yaƙi muke yi ba, Allah ya raba mu da shi. Amma motar da ta yi gudu da kaya a wannan zafi da ƙura, ai ba sai an yi mata talla ba.

Sai dai a yi adalci. Land Cruiser tsada gare ta, kuma tana shan mai. Mai kai awaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis a kan kwalta, ba ya buƙatarta. A manyan motocin dakon shanu zuwa kudu kuwa, Toyota ba ta cikin lissafi. Nan fagen Mercedes ne, wato Marsandi, musamman tsohuwar 911, sai DAF da MAN da suka biyo baya. Yanzu ga na China irin su Howo sun shigo da araha, kuma masu motoci na can suna auna su da tsofaffin.

Akwai kuma abin da ya sauya a dukkan kamfanonin. Sababbin motoci, ko na Japan ko na Faransa ko na Jamus, kwamfuta ke sarrafa injinsu. Suna tsimin mai, ba su cika tsayawa ba. Amma ranar da suka tsaya, sai an jona na'ura kafin a san ciwon. Gurɓataccen man da ake sayarwa a jarka a bakin hanya kuma, wanda tsohuwar Fijo ke haɗiyewa ta yi tari ta wuce, shi ke kashe sabon injin.

In ka tambaye ni, a daji da rairayi Toyota ce gaba, ban ga mai ja ba. A sauƙin gyara kuwa har yau ba a yi kamar 504 ba, ko da yake kayan gyaranta na asali sun fara wuya. Don haka, Alhaji, kafin ka kora shanu kasuwa saboda mota, je ka garejin garinku tukuna. Dubi irin motocin da bakaniken ya iya kwancewa da hannunsa, sannan ka tambayi mai shagon kayan gyara kwana nawa famfon mai na wadda kake so zai yi kafin ya iso daga Kano.