Ajin da Ya Zama Malami: Tarihin Makarantar Gando

Na daɗe ina ganin cewa ilimin da hannu bai taɓa ba, da wuya ya zauna a ƙwaƙwalwa. Tarihin makarantar firamare ta Gando, a ƙasar Burkina Faso, shi ne hujjata.

An haifi Diébédo Francis Kéré a wannan ƙauye a 1965. Tun yana yaro aka tura shi karatu Tenkodogo, inda ya sha zama a aji na bulon siminti wanda iska ba ta ratsa shi, zafi kuwa ya hana yara sakat. Ya tafi Jamus a 1985 don koyon kafinta, daga bisani ya karanci zanen gine-gine a Balin. Bai jira kammala digiri ba ya tara taimako ya dawo gida, aka gama ginin makarantar a 2001.

Mutanen gari sun so siminti, domin a idonsu laka ginin talaka ce. Kéré bai tsaya ga dogon bayani ba, ya sa suka gwada da hannunsu. Matasa suka buga tubalin laka da ɗan siminti, mata suka daɓe ƙasa. A bakin aiki suka fahimci cewa katanga mai kauri tana shan zafin rana a hankali, sai dare ta sake shi. Rufin kwano kuwa aka ɗaga shi sama da silin laka, aka zarce da shi don ya yi wa bango inuwa, iska na bi ta tsakani tana kwashe zafi. Aikin ya samu lambar Aga Khan a 2004, Kéré kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker a 2022.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maginanmu na da, masu tubali da azara, a kan katanga suke koya wa yaransu sirrin sanyin soro. Abin da Gando ta ƙara shi ne haɗa gado da lissafi.

Yau ɗalibi yana haddace yadda zafi ke ratsa ƙarfe, alhali kwanon ajinsa yana gasa shi. Da za a ba shi laka, kwano da ma'aunin zafi, ya gina ɗakuna biyu ƙanana ya auna su da azahar, da ya gane da kansa dalilin da ya sa ajinsa ke zafi, da kuma abin da zai gyara.