Taswirar Ƙasa da Gonakin Dogon Daji

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya iso Dogon Daji ta ƙasar Tambuwal, zai ga gonakin gero shimfiɗe, ya zaci ƙasar duk iri ɗaya ce. Manoman wurin kuwa tun kaka da kakanni sun rarrabe ta. Ga jigawa mai rairayi, ga jangargari, ga faƙo inda ruwa ke zamewa bai shiga ba, ga kuma laka ta fadamu, musamman kudu wajen Kebbe inda Gulbin Zamfara ya ratsa.

Awon ƙasa irin na boko daga baya ya zo. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, a 1962 ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Masu awo su kan duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, su haƙa ramuka jefi-jefi, sa'an nan su ja layi, su shafa wa kowane yanki launi guda. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta auna kwarin Gulbin Sakkwato, rahotonta ya fito a 1969. A 1971 waɗansu masana biyu mutanen Holan, Sombroek da Zonneveld, suka nuna cewa yawancin rairayin wannan nahiya iska ce ta tara shi a zamanin fari na dā, gulabe kuma suka yi ta jibge nasu.

To, ga inda gizo ke saƙa. A taswirar ƙasar Nijeriya ta 1990, inci ɗaya yana madadin wajen mil goma. Ina gonar Malam wane za ta fito a nan? Launi guda, watau irin ƙasar da ta fi rinjaye ke nan, sauran an haɗiye su. Alhali cikin gona ɗaya ma, gindin gawo ya fi fili albarka, haka tsohon suri, da kufai, da inda shanun Fulani suka kwana da rani. Taku ashirin daga nan sai ka tarar da tsakuwa.

Ba laifin masu awo ba ne, don tsara manyan ayyuka aka sa su. Amma in malamin gona ya dubi launin kaɗai ya yanka wa kowa awon takin zamani ɗaya, mai laka zai ci riba, mai jigawa kuwa ruwan Agusta ya wanke masa rabin kuɗinsa ƙasa da saiwa.